Shekarar da Iya Ta Tsare Tsoho a Zaure

Shekaranjiya na shagala da waya har tuwo ya kama a tukunya. Da na ɗaga murfi ƙaurin ya bugi hancina, sai na ji ni a tsakar gidan kakannina, a wani ɗan ƙauye tsakanin Balan da ƙasar Ajingi, ina 'yar yarinya ina kankare ƙanzo da sakaina.

In a gidan yawa ka tashi, ka san ƙanzo ba abin zubarwa ba ne. Amma a wurin kakata, wadda muke kira Iya, abin ya wuce haka. Shanya shi take yi a kan danga har ya bushe ƙarau, ta ɗure a buhu. Haka take yi wa kuka da kuɓewa da yakuwa da zogale. Wake kuwa sai ta cuɗe shi da toka da barkono saboda ƙwari, kana shiga ɗakinta atishawa ce za ta fara gaishe ka. Da kaka, lokacin da kowa yake cin tumu yana wadaƙa da sabon gero, ita fuskarta a murtuke take, kamar wadda aka ce mata gobe za a kwashe amfanin gonar.

Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne halinta ranar suna. Duk gidan da aka haihu a danginmu, Iya za ta je barka, ta ɗauki jariri ta yi masa addu'a, ta dawo gida ta auni mudun hatsi ta ɓoye. Wata rana na tambaye ta dalili. Ta ce, "Ke ba ki ga bakinsa ba? Yau nono yake sha, jibi tuwo zai nema. Kin taɓa jin an ce gonar kakanku ta haihu?"

Kakana, wanda muke kira Tsoho, shi ne babban mai yi mata tsiya. Mutum ne mai sakin hannu da son hira. Ana biki sai ya sa a sauko da dami daga rumbu, baƙo ya zo sai an ɗaura masa wani a bayan keke. Yakan ce da za a yi tashin duniya Iya za ta roƙi a jira ta ta kwashe shanyarta. Abu ɗaya ne yake hana shi walwala, ciwon wuya. Kullum da safe sai ya fito kansa a karkace kamar zakaran da ya hango shaho. Wanzami ya yi masa ƙaho har bayan wuyansa ya zama zane-zane, an shafa man shanu, an yi tofi, wuya ya ƙi.

To, sai aka yi wata shekara da ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta gama ido ba. Abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Kafin damina ta gaba ta yi nisa, rumbunmu in ka leƙa ka yi magana sai muryarka ta dawo maka. Ana cikin haka amai da gudawa ya shigo ƙauyukan da ke kewaye da mu. Ban manta yadda garin ya yi tsit ba. Yaran maƙwabtanmu biyu, waɗanda muke wasan 'yar carafke da babbarsu, a rana ɗaya aka kai su makwanci.

Ranar Iya ta kafa doka. Ba mai fita, ba mai shiga. Ruwan sha sai an tafasa, ko da kuwa yana warin hayaƙi. Hannu sai an wanke da toka kafin a taɓa akushi. Iyayenmu maza za su je gona su dawo, amma ban da tsayawa majalisa, ban da shan furar kowa.

Kowa ya bi, ban da Tsoho. Ranar kasuwar Gaya ta zo, ya sa babbar rigarsa ya hau keke ya tafi, wai zai ga abin da gari yake ciki. Da la'asar ya dawo yana sakace haƙori, ƙamshin tsire yana binsa. Yana ɗaga labulen zaure ya tarar da Iya tsaye da taɓarya.

"Malam, tsaya daga nan."

"A gidan nawa?"

"Gidanka ne. Amma jikokina ne a ciki."

Ya juya wajen 'ya'yansa maza yana neman mai goya masa baya. Babana ya shiga duba igiyar akuya, baffana ya tuna bai yi alwala ba. Haka Tsoho ya tare a zaure da tabarma da buta, sai ya cika kwanakin da Iya ta ɗibar masa kafin ya shigo ciki. Abinci kuwa a kan faifai ake ɗorawa, a tura masa da doguwar gora kamar ana ciyar da ingarma mai cizo. Yana ci yana mita, wai shi da ya gina gidan nan da hannunsa yau shi ake wa turi. Ya aika a kawo masa matashin kansa, Iya ta ce matashi ba ya fita. Ya sake aikawa, ta ce ya naɗe rawaninsa ya tada kai.

Bai gama wa'adinsa ba sai ga kawunmu daga Kano da matarsa da 'ya'yansa reras, sun gudo wa cutar, ba ko ƙullin gishiri a hannunsu. Iya ta yi musu sannu da zuwa daga nesa, ta nuna musu zaure. Sai ga Tsoho, wanda jiya yake zagin dokar, ya miƙe yana cewa kada su matso kusa da tabarmarsa, wa ya san abin da suka kwaso a mota. Daga cikin gida muna jin iyayenmu mata suna ƙyaƙyata dariya a hankali.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ƙaramin ɗan kawun ya fara gudawa, kafin azahar idanunsa sun faɗa. Iya ta haɗa ruwan gishiri da sukari ta tura da gorar nan, tana daga bakin ƙofa tana faɗa wa uwar yadda za ta riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan. Aka samo mai babur ya kai su asibiti a Gaya. Ranar ba wanda ya iya cin abin kirki. Allah ya yi yaron da sauran kwanansa, ya dawo a rame kamar tsinke, kuma cutar ba ta tsallako cikin gida ba.

Sai dai bakuna sun ƙaru, rumbu kuma ya kai ƙasa. Ran da aka share shi aka fito da ɗan abin da bai cika ƙwarya ba, na ga babana ya zauna a kan turmi ya yi tagumi. Iya ta kira matan gida ta ce su ɗaga gadonta. A ƙarƙashi akwai tuluna a binne har wuya, an liƙe bakinsu da laka, cike da gero. Bayan kwanaki aka sauke jeren ƙorenta na ado, kowace da abin da ke cikinta. Randar da muka sani a matsayin fasasshiya ashe dawa ce a ciki. Buhunan ƙanzo suka fito, aka jiƙa aka yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Tuwon tsohuwar dawa yana da wani wari kamar na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, amma ba wanda ya yamutsa fuska. Har ta kan katanga Iya take miƙa wa maƙwabta.

Tsoho ya gama zaman zaure ya dawo ciki yana shelar cewa iskar zaure magani ce, don wuyansa ya warke sarai. Yana tsaka da wannan bayani Iya ta fito da matashin kansa ta farke ɗinkin da wuƙa a gaban kowa. 'Yar audugar rimi ce a sama, sauran duk wake ne da toka. Ya daɗe yana kallon waken yana zuba a faifai, ya shafa tabon ƙahon da ke wuyansa.

"Yanzu duk jinin da wanzami ya zuƙe mini, a kan wake nake kwana?"

"Nan ne kaɗai na san ba za ka ɗauka ka ba baƙo ba," in ji Iya.

Da aka dafa, sai da ya nemi ƙari. Waken nan da abin da ya rage a tuluna su suka riƙe mu har gero ya nuna.

Iya da Tsoho duk sun rasu yanzu, Allah ya jiƙansu. Gonar da ta ciyar da gidan an raba ta, an sake rabawa, har kason wasu bai fi a shimfiɗa tabarmi ba. Inda rumbunan suke an yi ɗakunan angwaye, yara sun cika tsakar gida har ban san na wane ne wannan ba. Mu kuma da muke birni da mudu muke awo, wani lokacin da gwangwani. Da aka kulle Kano lokacin korona, kwana kaɗan aka yi na ga ƙasan kowace roba a kicin ɗina, na zauna ina jin mutane a rediyo suna ta bayanin yadda ya kamata a yi tanadi.

Bara na kai yarana ƙauyen. A bayan gari muka wuce wani gida da har yanzu yake da rumbu ɗaya, da hular ciyawarsa. Ƙaramin ɗana ya tsaya yana zagaya shi, ya ce, "Umma, wa yake kwana a ɗakin nan da ba shi da ƙofa?" Na ce masa abincin baɗi ne yake kwana a ciki. Ya ɗago ya ce, "Baɗi ba za a buɗe shago ba ne?"

Na buɗe baki zan ce masa za a buɗe mana, sai na ji ba zan iya rantsewa ba.