Gwaten Malam Lawi

Sunansa na takarda Levi, amma a unguwarmu a Kazaure Malam Lawi muke ce masa. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista. Aikin koyarwa ne ya kawo shi, da ya yi ritaya kuma ya ƙi komawa. Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa na haya da tsakar gidanmu, shi ya sa ni Bahijja, ina kan keken ɗinkina, na san tarinsa kamar yadda na san na mahaifina.

Bayan ritaya sai ya kama sayar da littattafai. Akwatin katako yake ɗaurewa da roba a bayan tsohon babur ɗinsa, cike da littattafan makaranta da na hikaya waɗanda bangonsu ya sha hannu. Ranar kasuwar Roni yana Roni, ta Gwiwa yana Gwiwa, wani lokaci har Babura, inda yake sakin baki da 'yan Nijar da suka tsallako cin kasuwa. A hanya mutum ne mai jama'a. Fulani masu tallar nono sun san shi, 'yan acaɓa na ɗaga masa hannu. Duk wanda ya tsuguna gaban shimfiɗarsa sai ya ji labarin littafi kaf kafin ya buɗe shi. Ciniki kam sai a hankali, don wa zai sayi abin da aka riga aka ba shi kyauta? Amma da la'asar ta yi sanyi jama'ar nan kowa ya kama gabansa, shi kuma ya juyo gida shi kaɗai.

Lokacin da matarsa Lydia ke da rai, tare suke cin abinci a kwano ɗaya, abin da matan unguwa suka yi ta tsegumi a kai, alhali a zuci sha'awa yake ba su. Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwarta. 'Yarsu ɗaya, Cynthia, ta yi aure a Kaduna. Abin da ya rage masa shi ne wata 'yar rediyo da ya zuba wa waƙoƙin zumuntar mata na cocinsu, waɗanda aka ɗauka da muryar Lydia a ciki. Ƙasa-ƙasa yake kunnawa don kada ya dami kowa. Akwai wata waƙa da yakan maimaita sau uku, sau huɗu, kuma in ta zo nakan tsayar da keke, don tausayinsa kama ni yake yi.

A ƙofar gidanmu kuwa, kullum bayan Magariba mahaifina Malam Daudu da maƙwabta huɗu suna shimfiɗa tabarma su yi ciyayya. A fito da kwanuka daga gidaje, a haɗa a ci tare, a yi ta musu kan damina da siyasa. Daidai lokacin Malam Lawi ke dawowa. Tun daga bakin lungu yake kashe babur ya turo shi, don kada ya tayar musu da ƙura.

"Bismilla, Malam Lawi," in ji Baba.

"A ci lafiya, Baba," in ji shi, ya wuce.

Shekara goma sha biyu ana wannan. Ni kuwa na san yana son zama a tabarmar nan fiye da komai. Daga zaure ina ganinsa ya tsuguna a ƙofarsa wai yana gyaran sarƙar babur, sarƙar da ba abin da ya same ta, in an yi abin dariya a tabarma shi ma ya murmusa shi kaɗai. Na taɓa yi wa Baba magana. Ya ce, "Mutum ya nuna ya ƙoshi, ɗura za a yi masa? Wataƙila yana da dalilinsa. Ba a takura wa baƙo." Baƙo fa! Mutumin da ya koya wa rabin 'ya'yan unguwa karatu. Haushi ya kama ni, amma na yi shiru. Kawaicin dattawa wani lokaci cuta ne, kuma nawa shirun ma ban wanke shi ba.

Bara da kaka ya faɗi a hanyar Gwiwa ya karye a hannu. Cynthia ta zo ta ga yadda yake zaune, ta yi kuka ta more, ta ce ƙafarta ƙafarsa sai Kaduna. Ya yi gardama, ya gaji, ya sallama. Aka sa ranar tafiya, mota ƙarfe bakwai na safe.

Ana gobe za su tafi, tun la'asar na ji ƙamshin yakuwa da gauta na tsallako katanga. Gwate yake dafawa, irin na garinsu, da hannu ɗaya, ya hana Cynthia taɓa muciya. Da aka idar da Magariba sai ga shi rungume da kwano, ya tsaya a bakin tabarma kamar ɗan makarantar da ya makara.

"Salamu alaikum. Baba, yau na samu kwano. Ko akwai wuri?"

Baba ya ɗaga kai ya dube shi. "Malam Lawi, wane irin kwano?"

"Na ga kowa da nasa yake fitowa. Ni tun da mai ɗakina ta rasu ba ni da mai girki, sai ɗan abin da na jagwalgwala. Kunya nake ji in zo in sa hannu a na mutane."

Baba ya nuna Malam Sama'ilu tela da ke gefensa. "Wannan shekara bakwai ke nan da rasuwar iyalinsa. Ka taɓa ganin ya fito da ko cokali? Mu kuma mun ɗauka abincinmu ne ba ka so."

"Ni? Baba, ƙamshin miyar kukarku ke raka ni ɗaki kullum."

Malam Sama'ilu ya matsa masa. Ya zauna, aka miƙo masa ruwan wanke hannu. Suka ci gwaten nan har suka suɗe kwano, suna tsokanarsa wai gishiri ya yi tafiya Babura bai dawo ba. Shi kuma ya buɗe baki da labaran kasuwa, ya ba su na wani Bafulatani da ya sayi littafin lissafi don 'yarsa ta riƙa karanta masa a bakin garke. Ban taɓa jin Baba ya yi dariya irin ta ranar ba.

Da aka kira Isha'i suka miƙe. Baba yana laluben takalminsa, har yanzu da sauran dariya a bakinsa, ya ce, "To Malam Lawi, gobe ka fito da wuri, kada tuwo ya huce."

Sai da maganar ta fita sannan ya tuna da motar ƙarfe bakwai na safe.

Malam Lawi ya sunkuya ya ɗauki kwanonsa. "To, Baba," ya ce. "Allah ya kai mu."