Gargadar Baba Sannu

A tashar manyan motoci ba mai kiransa da sunan yanka. Baba Sannu ake ce masa, domin tun yana yaron mota har ya yi furfura a kan sitiyari bai taɓa taka ko kaza ba. Mutum ne mai taka birki tun rami bai san da zuwansa ba. Matarsa kan ce ko shayi zai kurɓa sai ya duba hagu da dama.

Abin da abokan aikinsa ba su sani ba, ranar hutu ma tuƙi yake yi. Autarsa, mai shagon gyaran kwamfuta, ta haɗa masa wata ta wasan tuƙi a falo, da sitiyarin roba ɗaure a bakin tebur, birki da totur a ƙasa. Da farko ya ce wasan yara ne. Ba a yi nisa ba sai ga shi ana kiransa cin abinci yana cewa, "Ku ci, ban sauke kaya ba."

Wata safiya ya faɗo shagon Auta, ya ture wani mataccen allon kwamfuta daga kan kujera ya zauna.

"Injiniya, motata ta fara gargada. Hoton yana dishi-dishi, musamman ta hagu. Katin nan naki ya gaji."

Katin hoto yake nufi, wanda ke zana duk abin da ake gani a fuskar kwamfuta. Nasa matsakaici ne, ba rago ba, ba gwarzo ba.

"Sai mu cire shi mu sa babba guda ɗaya, Baba. Ga shi can a kanta."

"A'a. Ɗan'uwa za ki nemo masa. Na ji ana haɗa biyu su ja tare."

"Wa ya gaya maka?"

"Ke kaɗai ce mai waya? Kin taɓa ganin babbar mota da taya ɗaiɗai a baya?"

Ta yi dariya, ta jawo kujera. Ta ce masa yayin haɗa biyu ya wuce, sababbin wasanni ko kallon na biyun ba sa yi, sa'arsa ɗaya wasan nasa tsoho ne. Dole su zama iri ɗaya. In ɗaya ya fi sauri, jiran ragon zai yi. Za su ci wuta, za su ɗuma ɗaki.

"Kuma ga babbar matsalar, Baba. Wannan ya zana hoto, wancan ya zana na gaba. In ƙafarsu ba ta zo ɗaya ba, sai ka ga 'yar gargada. Da wuya a raba su da ita."

"Ko an gyara?"

"Ko an gyara."

"To, madalla," in ji shi, ya gyara zama.

Madallar nan ce ta tsaya mata a rai. Wannan fa mutumin da ke mayar wa makaniki mota saboda ƙarar da shi kaɗai ke ji. Ya zo da kukan gargada, an ce masa maganin da ya zaɓa gargada gare shi, shi kuma har da sakin fuska? Ruwa ba ya tsami banza. Ta shiga neman katin.

Kati biyu ta samo ta jera masa. Ɗaya mai fanka uku, ya ɗan fi nasa gudu. Ɗayan kuwa kamar an tsaga kara da na gida, har ƙurar da ke fankarsa. Baba Sannu ya ɗaga su yana aunawa a hannu kamar mai sayen kankana, ya kai su dab da fuska, ya karkata kai.

"Wannan mai rawar kai ne," ya ce da mai fanka ukun. "Ba a haɗa tsoho da ɗan zafin kai a tafiya ɗaya."

Da la'asar ta je gida da kayan aikinta. Ta sauya akwatin wuta, ta zaunar da sabon katin ƙarƙashin tsohon, ta ɗora 'yar gadar da ke haɗa su. Mama tana bakin ƙofa tana mita, wai jibi mutum zai ɗauki kaya zuwa nesa, maimakon ya huta ya zo yana tuƙin ƙarya.

"Kuma a gyara madubin hagun can da ya goga a ƙofar tasha," ta ƙara.

"Ƙofar ce suka matse," in ji shi, bai juyo ba.

Aka kunna. Fankoki suka ɗauka. Titi ya shimfiɗu sumul, har ganyen bishiyoyi ana gani. Auta ta nemi gargada ta rasa. Tagwayen sun zo da ƙafar dama. Sai ta bar kallon allo, ta koma kallon direba. Kansa a karkace yake, hancinsa na nuna hagu, idon dama ne ke aikin duka.

"Kin gani ko?" ya ce. "Ga ta nan. Halin biyu ne, kin faɗa."

Ta ɗauki kofin ruwa ta zagaya ta hagunsa, ta miƙa masa daidai kafaɗa. Ta tsaya. Mota ta wuce gada, ta sha kwana, hannunta ya fara sagewa. Baba Sannu, mai ganin akuya tun tana shawarar tsallaka titi, bai san da kofi ba.

"Baba, ruwa."

Ya zabura, motar ta hau gefen hanya. Ya dubi kofin, ya dube ta.

"Tun yaushe kike nan?"

"Tun kafin gada. Hoton nan lafiyarsa lau, Baba. Da na sa babban katin, da ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi, ko?"

Ya daɗe yana murza sitiyarin roba da babban yatsa.

"Uwarki ce ta ba ki wannan bin diddigin," ya ce a hankali. "Na ce ko na samu in yi wannan tafiyar tukuna."

"Da mutane a hagun titi?"

Ya rufe idon dama da tafin hannu, ya dubi allon, ya sauke hannun. Sannan ya laluba aljihu ya ciro waya, ya kira shugaban tasha, ya ce kayan jibi a ba wani, shi yana da ganin likita. Daga can aka tambayi ko lafiya.

"Fitila ɗaya ce ta rage haske," ya ce, ya kashe.

Mama ta bar bakin ƙofa ta zo ta tsaya a bayansa, ba mita. Shi kuwa ya karɓi ruwan ya sha, ya sa giyar baya.

"Injiniya, dawo nan hagu ki duba mini. Ba na barin mota a bakin hanya."