Ramukan Golf na Kawu

Kawuna ya yi shekaru yana gyaran filin golf a birni, wasan nan na manya da ake buga ƙaramar farar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Da ya bar aiki ya dawo ƙauyenmu kusa da Yargalma, sai ya ce shi ma zai yi nasa a faƙon bayan gari. Mun yi masa dariya har muka gaji, ko a jikinsa.

Ciyawa ba ta fitowa a wurin, sai ya bi dabarar da ya koya. Ya share wurare uku kamar masussuka, ya haƙa rami a tsakiyar kowanne, ya shimfiɗa ƙasa mai laushi da ya kwaɓa da baƙin mai don ƙwallo ta gangara. 'Yata mai shekara uku ta maƙale masa, kullum tana can tana tsamo ƙwallo daga rami.

Wata la'asar na je ɗaukarta. Na same ta zaune a kan shimfiɗar, yatsu a baki. A gefe ga tarin ƙasar da ba a kwaɓa ba, toka-toka, tana ƙyalli. Na san ƙasar nan, ita ta cinye mana yara shekarar gubar dalma, lokacin Kawu yana birni.

"Kawu, ina kas samo ƙasag ga?"

"Wurin masu niƙan dutsen zinari. Ba ta da tsakuwa ko ɗaya. Mi ya faru?"

Na daka masa tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Na saɓi yarinyar, na wanke mata hannu da baki har ta yi kuka. Da muka isa gida, Inna mahaifiyata ta ji, ta zauna daɓas a ƙasa.

Washegari muka kai yarinyar asibitin Anka aka ɗebi jini. Kwanakin jiran sakamako ko tari ta yi sai na zabura. Aka ce akwai dalma a jininta, amma an zo da wuri, aka ɗora ta a kan magani.

Da muka dawo, Kawu ya kankare filin da shebur shi kaɗai, ya binne ƙasar a rami mai zurfi. Yarinyar ta miƙa masa hannu tana neman ƙwallonta. Ya kasa kallonta.

"Na binne ta, ɗiyata," ya ce.