Taliyar Sanyi

Lokacin da kuɗin man fetur ya yi yawa a gida, gwamnati ta turo maigidana kwas a Landan, ni kuwa aka ajiye ni a wani flat a Stratford kamar akwati. Ya fita da safe, ya dawo a gajiye. Na gaji da sanyi, na gaji da kallon bango.

Maƙwabciyata wata tsohuwa ce 'yar Koriya, ina kiranta Iya. A arewacin ƙasar aka haife ta. Lokacin yaƙi ta gudo kudu, ta baro uwarta da niyyar komawa bayan sati biyu. Aka rufe iyaka. Fiye da shekara ashirin ko wasiƙa ba ta wucewa.

Ranar nan na kai mata tuwo. Bayan kwana uku sai ga ta da kwanona a rufe. Ta ce taliyar garinsu ce, irin ta uwarta, kuma naman wurin mahaucin Musulmi ta saya saboda ni. Ta koma ɗauko nata kwanon mu ci tare.

Na buɗe. Taliya baƙa-baƙa, rabin ƙwai, kabeji mai tsami, ga ƙanƙara tana yawo a cikin romo. Na ce oh, tsufa! Baiwar Allah ta manta shi a firij. A gidanmu wa zai ajiye wa baƙo abinci da sanyi? Don in rufa mata asiri na juye a tukunya, na tafasa, har da ɗan yajina. Taliyar ta dame.

Ta shigo ta ga tururi, ta tsaya turus.

"Da sanyi ake ci," in ji ta.

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Iya, ki yi haƙuri, ai naki yana nan."

Ta girgiza kai. Ashe romon duka ta zuba mini, ita taliya ba romo ta zo da ita mu raba romon. Kwana uku tana haɗa shi, don shekarun nan ɗanɗanon yana ɓace mata, tana so ta ga fuskar wani yana sha.

Ta zauna ta ci damammen har ta siɗe cokali. Sannan ta ɗago.

"Kin ɗanɗana kafin ki ɗora?"

Na ce a'a.

"To," ta ce, "ba sauran wanda zan tambaya ko romon ya yi."