Kawu Lawwali da Ƙwan Inna Hajo

Duk wanda ya san Kawu Lawwali a Runjin Sambo ya san ba ya wuce makunnin wuta bai kashe ba. Ko a gidan wa! Tun yana mai kula da sito a kamfanin siminti na Kalambaina shi ne ke fita ƙarshe yana kashe fitilu, kuma har ya yi ritaya hannun nan bai yi ritaya ba. Ku tambayi maƙwabcinsa da ya je wa barkar haihuwa: garin fita ya kashe soket ɗin firiza a zaure, ƙanƙarar suna ta narke tas. Da aka yi masa magana sai ya ce, "To ni na ga ba kowa cikinta."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ni ake kira in waya ko talabijin ta ƙi, don haka a gabana aka yi yaƙinsa da ƙwan fitila.

Matarsa, Inna Hajo, ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Wata magariba ta lallaba za ta kunna wuta ta faɗi, sai da aka yi mata ɗauri a hannu. Shi ne 'yarsu Rakiya ta aiko daga Abuja da ƙwai irin wanda ake kunnawa da waya. Na ɗaura shi, na haɗa shi da wayfay na gidan, na nuna wa Inna inda za ta taɓa tana kan gadonta. Sharaɗi ɗaya ne: makunnin bango ya zauna a kunne kullum.

Kawu ya dube ni sama da ƙasa. "Makunni kunne, ƙwai kashe? To wutar ina taka zuwa?"

"Tana nan tana jira, Kawu."

"Jira? Gidanga ko ni ba ni barin baƙo shi yi jira a bisa mitata."

Ban kai gida ba ya kashe. Ga shi kuma da wasiwasi: in ya kashe sai ya sake kunnawa don ya tabbatar da gaske ta mutu, ya kashe, ya kunna, ya kashe. Ashe haka ake goge wa irin wannan ƙwai duk abin da ya sani! Nan take ya manta da wayfay, ya hau ƙyafce-ƙyafce. Sai ga kiran Kawu: "Zo maza, ƙwanga naku ya kamu da hwarhwaɗiya."

Na zo na ce sai an sake haɗawa, na nemi ya ba ni lambar sirrin wayfay. Ina! Ya riga ya canza ta saboda yana zargin maƙwabta da shan data.

"Surukina ma ban ba shi ba, sai wani ƙwai da ban san uwatai ba, ban san ubanai ba?"

Da ƙyar ya yarda zai sa da kansa. Ya karɓi wayar Inna, ya juya baya, ya lulluɓa da babbar riga kamar mai cin goro a ɓoye. Yatsunsa kuwa manya ne, kowace taɓawa harafi biyu take ɗauka. Muna nan har shayin Inna ya huce. Da ya samu ya shiga, sai hannunsa ya goga wajen canza launin wutar, ɗakin ya koma shuɗi, ya koma ja. Kawu ya yi salati ya ce, "Ɗakin matata anka mai da gidan rawa na Sabon Gari!" Inna ta yi dariya har da hawaye.

Na liƙe makunnin da salatif. Washegari na tarar ya ɓare, ya kashe, ya mayar da salatif ɗin tsaf yadda yake. Wai don kada raina ya ɓaci.

Abin ya daina zama wasa ranar da ya kashe ya tafi masallaci, ya tsaya ta'aziyya daga can. Ya dawo ya sami Inna a duhu, waya a hannu tana ta taɓawa, ga buta can bakin ƙofa ta kasa kai wa, sallarta ta wuce. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Da safe na same shi da sukundireba, ya cire makunnin ɗungurungum, ya haɗe wayoyin, ya toshe ramin da marfi.

"Kawu, me ya yi zafi?"

"Hannunga nau ba shi jin magana. Ba ni iya yanke shi, sai nic cire mai abokin shawara."

Daga nan in 'yan wuta suka yi ta kawowa suna ɗaukewa har ƙwan ya rikice, sai a hau kujera a murɗa shi, a sassauta, a murɗa, har ya fara ƙyaftawa, sannan a haɗa. Kawu ya koyi abin nan kaf, yana yi yana zagin wanda ya ƙera shi.

Ana nan sai ciwo ya kwantar da Kawu. Ranar da za mu kai shi asibiti, an tashi da irin wannan wasan wuta, ƙwan ya sake ficewa. Ga mai keke a ƙofa yana ta hon, ga Kawu da ƙyar yake numfashi, amma ya ce ba inda za shi. Na ce in mun dawo zan gyara. Ya ce, "In munka dawo? Magariba za ta jira mu?" Na hau kujera na murɗa, shi kuma yana zaune bakin gadon Inna yana sa lambobi. Da ya haɗu ya miƙa mata wayar.

"Hajo, kunna in gani."

Ta kunna.

"Kashe. To sake kunnawa."

Ta sake. Ya daɗe yana kallon ƙwan, sannan ya ce, "To bar shi hakanan." Ya dafa kafaɗata muka fita. Bai sake shiga ɗakin ba.

Wallahi har yau in na tuna sai dariya ta zo min, kafin ta ƙarasa kuma idona ya cika. Allah Ya jiƙan Kawu Lawwali, Ya yafe masa kurakuransa. Kamar yadda ya ƙi tafiya ya bar matarsa a duhu, Allah Ya haskaka masa makwancinsa. Amin.