Neman Ƙarshe a Karshi

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Jikwoyi, ni da wani maƙwabcina Bakatsine mai shagon taya, wanda babu direban da bai sani ba a layin Nyanya zuwa Karshi. Cigiya ce ta fitar da mu, cigiyar littafi. Ku yi dariyarku, shi ma ya yi tasa har ya gaji.

Wata malamar makaranta ce ta rubuta shi, kuma shi ne littafinta na farko. Da aljihunta ta buga 'yan kaɗan, na sayi nawa a hannunta a wani taron marubuta, ban ko karɓi lambarta ba. Labarin wani saurayi ne mai gyaran waya da ya fita sayo batir bai dawo ba. Yayarsa ta shiga nema, duk inda ta je sai a ce mata ta koma gida, zai dawo. Wani tsohon sajan da ya kusa ritaya ne kaɗai ya ɗauki maganar da gaske. Rabon da littafi ya riƙe ni haka har na manta. A ofis cikin fayil na cusa shi ina karantawa, oga yana ta yaba ƙwazona. Ranar Juma'a ina cikin motar haya zan koma gida, saura babi ɗaya, sajan ya tsaya a ƙofar wani kango ya ji tari daga ciki, sai direba ya ce mun iso Jikwoyi. Garin laluben canji na bar shi a kan kujera, mota ta wuce Karshi da shi.

Hanyar ba ta rage mini zafi ba. An yi ruwa, ramukan Kurudu sun cika fal, direba sai ya yi addu'a yake faɗawa. Mu huɗu a baya, biyu a gaba, gwiwata a bakina. Kuɗin mota ya hau tsakanin jiya da yau, da na yi magana sai direba ya nuna mini gidan mai da leɓe. Bayan Orozo ne gari ya buɗe, gonaki kore shar, mata ɗauke da doya a kafaɗa sun nufi kasuwa. Da hankalina a kwance yake da na ji daɗin kallo.

A tashar Karshi maƙwabcina ya kai ni wurin babban ɗan kamasho. Na ce motar koriya ce, gilashinta a tsage.

"Oga, duk motar layin nan gilashinta a tsage yake," in ji shi.

Sai na tuna yadda sajan yake yi, ba ya raina ƙaramin abu. Na ce akwai takalmin jariri guda ɗaya rataye a madubi. Nan take aka gane direban, aka nuna mana shi a teburin mai shayi, yana tsoma burodi hankali kwance. Na tambaye shi littafina.

"Wannan book ɗin? Na ga babu mai shi, na ba Mama mai ƙosai. Ai paper ne kawai, oga."

Takarda ce kawai! Malamar nan baiwar Allah ta hana idonta barci, ta tatsi albashinta ta buga, wani ya ce takarda ce kawai. Ba don maƙwabcina ya riƙe mini hannun riga ba, da na faɗi abin da zan yi da-na-sani.

Mama tana bakin ƙofar tasha, dattijuwa ce mai fara'a, ga littafina kusa da kasko, dutse ya danne shi. Na ɗaga da sauri, sai na ji ya yi sakayau. Ashe daga baya take yagowa. Duk abin da na riga na karanta yana nan lafiya lau, babin da nake nema ne ya tafi naɗin ƙosai. Ta ba ni haƙuri, kuma ba laifinta ba ne, kyauta aka yi mata. Ta ɗora mini ƙosai mai zafi. Abin da ya ƙara ba ni haushi, ƙosan yana da daɗi.

Haka muka zagaye tasha, manya da mu, muna roƙon mutane takardar naɗi. Wani ya goge hannu da tasa, wani ya ce sai ya gama ci. Muka harhaɗa abin da ya samu, duk mai ya jiƙe su, na karanta a tsaye. Sajan ya ɓalle ƙofar kangon, ya tarar da wani tsohon maigadi sanye da rigar saurayin. Tsohon ya buɗe baki zai yi magana, shafi ya ƙare. Shafin ƙarshen, in ji Mama, wani ɗan acaɓa ya tafi da shi wajen Nasarawa.

Na zauna a benci ina huci, sai idona ya sauka a bangon tasha. Takardar cigiya ce, ta gaskiya. Hoton wani dattijo mai furfura, ruwa ya wanke rabin fuskarsa, an liƙa tallan maganin basir a kan sunansa, ƙasan da lambar waya take kuma an yage. Na tambayi 'yan tasha ko an gan shi. Aka ce hoton ya daɗe a nan, babu wanda ya sani. Mutane suna jingina da bangon suna cin ƙosai. A nan maƙwabcina ya daina dariya, ni kuma raina ya ɓaci fiye da na safe.

Kafin azahar muka dawo Jikwoyi, guntun littafina yana ƙamshin mai. Har yanzu ban san ko an ga saurayin ba. Ni shafi ɗaya na rasa, na ƙagaggen labari, amma na hau mota na tayar da tasha. Gidan dattijon nan kuwa mutum suka rasa, kuma mun bar takardarsu ta zama abin jingina.

Saboda haka ga cigiyata. Wanda ya ci ƙosai a Karshi ranar Asabar ya duba takardarsa, ko shafin nan ne. In bai samu ba, babu komai. Amma in ya bi ta tashar, don Allah ya tsaya ya kalli bangon nan da kyau, tun kafin ruwa ya wanke sauran fuskar.