Aman Jini Ya Tsaya, Huhuna Ya Lalace

A ƙarshen zamanin Turawa ni ne ladanin unguwarmu a Kebbe, ina noman gero, ina da 'yan shanuna. Lafiyata lau a ganin mutane, amma cikina ya jima yana kumbura, idona ya yi ɗorawa, ina ta shan sassaƙe ina cewa shawara ce. Wata ranar kasuwa ina cikin alwala sai jini ya ɓalle mini ta baki, baƙi ƙirin, guda-guda.

Yayana ya ɗora ni a raƙumi zuwa Tambuwal, daga nan motar gyaɗa ta kai mu asibiti a birni. Likita Bature ya ce, ta bakin tafinta, hantata ce ta ƙandare, shi ya sa jijiyoyin maƙoshi suka kumbura har suka fashe. Suka zura mini doguwar roba ta baki, suka hura ta a ciki don ta danne jijiyoyin. Jinin ya tsaya. Amma ina kwance rigingine, abin da ya taru a bakina ba ya haɗiyuwa, ina ta shaƙewa da shi, ba halin magana. Ana cire robar tari ya taso, zazzaɓi ya biyo. Na ce wa Yaya ƙirjina suka yake yi. Ya ce in ji tsoron Allah, na tsallake aman jini kuma ina kukan tari, ga gero ya nuna tsuntsaye suna ci. Ya ɗauke ni ba a sallame mu ba.

A gida na fara tofar da kaki mai ɗoyi, har ni kaina ina ƙyamarsa. Kan ka ce me, magana ta bazu cewa tarin fuka na kwaso a wurin Nasara. Aka ware mini ƙwarya da buta. Liman, wanda muka yi karatun allo tare, bai taka zaurena ba. Aike ya yi a ce mini in riƙa sallah a gida saboda jama'a. Matata ce ta taka har Fakku ta roƙi kawunta ya mayar da ni asibiti. Can malamin asibiti ya ce ba tarin fuka ba ne, jini da amai ne suka faɗa huhuna suka ruɓe, kuma da na tsaya tun farko, da allura ta kashe ciwon yana ɗanye. Yanzu ɓangare guda na huhun ya tafi.

Na dawo na faɗa musu. Yaya ya ce ƙaddara ce, ya ci gaba da gyaran fartanyarsa. Na gwada kiran sallah, numfashina ya yanke a tsakiya, na sauko ina haki, wani ya ƙarasa. Babu wanda ya ce in yi haƙuri da abin da aka yi mini.

Abin da nake gaya wa masu karatu: in an tsayar wa naku aman jini sai tari da zazzaɓi suka biyo, kada ku gusa daga asibiti, ko gonar za ta ƙone. Kuma kada ku raɗa wa ciwon mutum suna da ka. Ciwon nan daga Allah ne, na karɓa. Yayana da liman kuwa, ina gaishe su, amma har yau ban iya cewa na yafe ba.